Ƙofar Makaranta a Buɗe Take, Amma da Me Ɗan Talaka Yake Fita?

Tun daga taron Jomtien na ƙasar Tailan a 1990, inda gwamnatocin duniya suka ɗauki alƙawarin samar da ilimi ga kowa, 'ya'yan talakawa sun yi tururuwa zuwa makaranta fiye da kowane lokaci a tarihi. Da Malawi ta soke kuɗin makarantar firamare a 1994, yawan ɗalibanta ya tashi daga kimanin miliyan 1.9 zuwa wajen miliyan 3 cikin shekara guda. Yuganda ta bi sahu a 1997, ɗalibai suka haura daga miliyan 3 da ɗoriya zuwa fiye da miliyan 5, Kenya kuma ta karɓi ƙarin yara sama da miliyan ɗaya lokacin da ta yi haka a 2003. Wannan cincirindo ya isa ya ƙaryata zargin da aka daɗe ana yi wa matalauta cewa ba su san darajar karatu ba, domin da aka ɗauke musu kuɗin da ya tare su, ba su jira an roƙe su ba.

Sai dai da aka koma aka duba abin da yaran suka koya, murna ta ragu. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suna kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba, kuma bayan annobar korona aka ɗaga ƙiyasin zuwa kashi 70. A Afirka kudu da hamadar Sahara adadin ya kusan kai tara cikin goma. Mafi yawan waɗannan yara ba a titi suke ba, suna cikin aji, sunansu na cikin rajista, ana kuma ƙirga su cikin nasarorin da ministoci ke karantawa a taruka. Har yanzu akwai yara da matasa fiye da miliyan 250 da ba sa zuwa makaranta, kuma lamarinsu ba ƙarami ba ne, amma wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa talauci ke bin zuriya daga kaka zuwa jika dole ne ya dubi waɗanda suka shiga suka fito hannu rabbana.

Muhawara kan wanda ya kamata a ɗora wa laifi, gida ko makaranta, ta tsufa. A 1966 masanin zamantakewa James Coleman ya miƙa wa gwamnatin Amurka rahoton binciken da ya shafi ɗalibai fiye da 600,000, wanda aka yi zaton zai nuna cewa bambancin gine-gine da littattafai da kuɗin da ake kashewa ne ke raba sakamakon yara. Abin da ya samu shi ne halin gidan da yaro ya fito, da kuma halin gidajen abokan karatunsa, sun fi kayan makarantar tasiri nesa ba kusa ba. Masu son rage kasafin ilimi suka rungumi rahoton, suka mai da shi hujjar cewa zuba kuɗi a makarantun talakawa asara ce. Bayan shekara 17, Stephen Heyneman da William Loxley suka kwatanta ƙasashe 29, suka ga cewa a ƙasashe matalauta lamarin ya juya: ingancin makaranta ya fi yin tasiri, saboda inda babu littafi a gida, babu kuma wanda ya iya karatu, makaranta ce kaɗai wurin da yaro zai haɗu da harafi. A ganina, tambayar ce aka gina ba daidai ba. Gida da makaranta ba sa gasar wanda ya fi laifi, bi da bi suke aiki a kan yaro ɗaya, gida ya fara buɗe giɓin, makaranta kuma ko ta rufe shi ko ta faɗaɗa shi, gwargwadon yadda aka tsara ta.

Giɓin yana buɗewa tun kafin yaro ya san hanyar makaranta. Alƙaluman hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 sun nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 148 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cututtuka, kuma abin da ya hana ƙashi tsawo a shekaru biyun farko ba ya barin ƙwaƙwalwa lafiya lau. A Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka abin sha mai gina jiki, da aka bi sawunsu bayan sun girma aka tarar mazan da suka sha shi tun suna ƙasa da shekara biyu suna samun ladan aiki da ya ɗara na takwarorinsu sosai. Amma binciken da ya fi jan hankalina shi ne na birnin Kingston a Jamaika, wanda Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka fara a 1986 da yara 129 tsumburarru 'yan wata 9 zuwa 24. An raba su rukuni-rukuni. Wasu an riƙa kai musu madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ce ke zuwa gidansu sa'a ɗaya a kowane mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida, ta yi masa magana, ta ambaci sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Bayan shekara 20, amfanin madarar ya ɓace daga ma'auni, amma waɗanda aka riƙa ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsaransu da ba su taɓa tsumburewa ba. Babu ginin da aka yi, babu na'urar da aka saya, kuma uwayen nan su ne dai matalautan da ake zargi da sakaci.

Wannan batu na zargin iyaye yana buƙatar taka tsantsan, domin har masana sun zame a kansa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya shahara da cewa ɗan talaka yana kai shekara huɗu ya ji kalmomi miliyan 30 ƙasa da ɗan mai hali, alhali gidaje 42 kacal aka lura da su, kuma masu binciken da suka biyo baya, da suka ƙirga har da maganar kakanni da yayye da sauran mutanen gida, ba su sami giɓi mai girman haka ba. Abin da ya fi tabbata shi ne talauci yana cinye hankalin babba. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an gwada manoman rake 464 kafin girbi, lokacin da bashi ya yi musu katutu, aka sake gwada su bayan sun karɓi kuɗin amfanin gonarsu, sai ga mutum ɗaya yana cin gwajin basira fiye da yadda ya ci watannin baya. Uwar da ta kwana tana lissafin yadda za a wayi gari ba ƙaunar ɗanta ce ta ragu ba, natsuwar zama ta saurare shi ce babu.

To, yaron da ya zo aji ɗaya a baya, me makaranta take yi da shi? A nan ne, a fahimtata, mafi girman zaluncin yake, kuma zalunci ne da babu wanda ya zauna ya ƙulla shi. Manhajar karatu a ƙasashe da yawa an rubuta ta ne da saurin ɗan gata, yaron da ya yi makarantar renon yara, ya saba da littafi, yana jin harshen da ake koyarwa da shi tun daga gida. Malami kuma abin da mai duba makarantu ke tambayarsa shi ne ko ya kammala manhajar zango, ba ko yara sun gane ba, sunan makaranta kuwa yana tashi ne da 'yan ƙalilan da za su ci jarrabawar ƙarshe. Saboda haka malami yana tafiya da layin gaba, kuma ba don mugunta ba. Yaron da bai kama haɗa baƙi da wasali a aji biyu ba, a aji uku za a daina koya masa karatu a fara sa ran zai yi amfani da karatun ya koyi lissafi da kimiyya da tarihi. Daga nan rashin ya zama kamar bashi mai ruwa, kowace shekara sai an ɗora masa sabo a kan tsoho, har ya kai aji shida yana kwafar abin da ke allo da kyakkyawan rubutun da shi kansa bai iya karantawa ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take bin gidajen karkara tana gwada yara, ta yi ta samun sakamako kusan iri ɗaya shekara bayan shekara: wajen rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin da aka rubuta domin 'yan aji biyu.

Wani gwaji da aka yi a yammacin Kenya ya fito da wannan fili ƙarara. An raba wa makarantun karkara littattafan karatu na gwamnati, waɗanda a da yara da yawa ke rububin guda ɗaya, kowa kuma yana sa ran sakamako zai tashi. Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka auna, suka ga matsakaicin sakamako bai motsa ba, waɗanda suka ƙaru kawai su ne ɗaliban da dama can suke kan gaba. Littattafan da Turanci aka rubuta su, wanda ga mafi yawan yaran harshe na uku ne, kuma sun yi musu tsauri. Darasin a nan ba wai littafi ba shi da amfani ba ne. Kayan taimako da aka ƙera da ma'aunin ɗan gata, ko da kyauta aka raba wa kowa, ɗan gata zai ƙara wa gaba. Matsalar harshe kuma ba ta Kenya kaɗai ba ce, domin UNESCO ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun koyarwa da harshen da suke ji. Ɗan mai hali yana tsallake wannan shinge da malamin da aka ɗauka ya zo gida, ko da iyayen da ke magana da harshen ofis, ɗan talaka kuwa ana buƙatar ya koyi karatu da baƙon harshe a lokaci ɗaya, daga bakin malamin da sau da yawa shi ma harshen bai zauna masa ba.

Abin da ke ba mutum ƙwarin gwiwa shi ne maganin wannan ɓangare ba shi da tsada. Pratham ta fara da ɗaukar 'yan mata daga unguwannin biranen Vadodara da Mumbai, ta ba su horo na makonni biyu, suna ware yaran da aka bari a baya na tsawon sa'o'i biyu a rana suna koya musu daga inda suka tsaya. Sakamakon raunanan yaran ya fi na kowa tashi. Daga baya tsarin ya bunƙasa zuwa raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon shekaru ko aji ba: masu sanin haruffa gefe, masu haɗa kalma gefe, masu karanta jimla gefe, ana sake gwada su a kai a kai, wanda ya iya ya matsa gaba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan suna cikin ayyukan da suka sa aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, kuma ƙasashe irin su Zambiya sun shigar da tsarin cikin makarantun gwamnati. Sai dai akwai abin lura a tarihinsa. A wuraren da aka ba malaman gwamnati horo da kayan aiki kawai aka bar su da tsohuwar manhaja a wuyansu, ba a ga canji ba. Sai da aka keɓe wa abin sa'a ta musamman a jadawali, aka kuma sa masu duba makarantu suna bibiya, sannan ya yi aiki. Malamin da aka ce ya tsaya wa na baya, alhali da kammala manhaja za a auna shi, ya san wanne daga cikin umarnin biyu zai bi.

Su kansu malamai ba a raba su da adalci. Kusan ko'ina a duniya ƙwararren malami yana neman a mai da shi birni ko unguwar masu hali, sabon shiga da wanda ba shi da uwa a gindin murhu su ake turawa inda yara suka fi buƙatar gwani. Wani bincike da aka wallafa a 2006, wanda aka yi ta hanyar kai ziyarar ba-zata makarantun ƙasashe shida, ya tarar da kusan malami ɗaya cikin biyar ba ya wurin aiki, a Indiya ɗaya cikin huɗu, kuma abin ya fi muni a yankunan da suka fi talauci, inda iyaye ba su da bakin kai ƙara.

A wajen aji kuma, soke kuɗin makaranta bai mai da karatu kyauta ba. Akwai kayan makaranta da littafin rubutu da kuɗin jarrabawa da na mota, sannan akwai wanda ya fi su duka nauyi, wato aikin da yaron zai yi da yana gida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a farkon 2020 yara miliyan 160 ne ke aikin ƙarfi, mafi yawansu a gonakin iyayensu. Meziko ta tunkari wannan lissafi kai tsaye a 1997 da shirin Progresa, wanda ya riƙa ba uwaye kuɗi bisa sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta da asibiti, kuɗin yana ƙaruwa yayin da yaro ke hawa aji, na 'yan mata a sakandare kuma ya ɗara na maza, domin a nan ne aka fi cire su. Burazil ta kafa nata, Bolsa Família, a 2003, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Shirye-shiryen nan sun rage barin makaranta, musamman a mashigar sakandare, amma a mafi yawan wuraren da aka auna, sakamakon jarrabawa bai tashi da yawa ba, domin kuɗi yana kai yaro aji ne kawai, abin da zai tarar a ciki kuwa ba ya canza shi. Wani lokaci ma shingen ƙarami ne ƙwarai: jihar Bihar ta Indiya ta fara ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke a 2006, shigarsu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku, musamman a ƙauyukan da makaranta ke da nisa. A Gana, a 2008, an zaɓi matasa 2,064 da suka ci jarrabawar shiga babbar sakandare amma rashin kuɗi ya zaunar da su, aka ba 682 tallafin karatu ta hanyar ƙuri'a. A cikin kowane 100 da suka sami tallafin, an sami ƙarin fiye da 25 da suka kammala sakandare idan aka kwatanta da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, 'yan matan cikinsu kuma sun jinkirta haihuwa, sun fi shiga manyan makarantu. Waɗannan matasa sun riga sun nuna cancantarsu, abin da ya raba makomarsu takarda ce da aka zaro.

Da za a ce gwamnatoci suna karkata kuɗin ilimi ga mabuƙata, da giɓin ya ragu, amma akasin haka ake gani. Wani rahoton UNICEF na 2023 da ya duba ƙasashe 102 ya nuna cewa kashi 20 cikin 100 na ɗalibai mafi talauci suna amfana da kashi 16 kacal na kuɗin da gwamnati ke kashewa a ilimi, mafi arziki kuma suna samun kashi 28. A ƙasashe matalauta rabon ya fi haka muni, 11 ne da 42. Ba sai an yi sata ba kafin a kai ga wannan. Ɗalibin jami'a ɗaya yana cin abin da zai ɗauki nauyin 'yan firamare da yawa, kuma wanda ya daɗe a cikin tsarin shi ne ya fi cin moriyarsa. Ɗan talaka da ya fita a aji shida ya bar rabonsa ga ɗan mai hali da zai yi shekara 16 yana karatu da tallafin harajin da iyayen duka biyun suka biya. A Amurka kuwa, inda kaso mai tsoka na kuɗin makarantu ke fitowa daga harajin gidajen yanki, unguwar masu tsadar gidaje ta daɗe tana da makarantu masu wadata. Da kotuna suka tilasta wa jihohi da dama gyara rabon daga shekarun 1970, an sami damar sake gwada tsohuwar da'awar cewa kuɗi ba ya aiki. Kirabo Jackson da abokan bincikensa sun nuna a 2016 cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na abin da ake kashe wa ɗan talaka a tsawon shekaru 12 na karatunsa ya ƙara masa kusan rabin shekara na ilimi da kusan kashi 10 na albashi bayan ya girma.

Annobar korona ta gwada duk wannan a lokaci ɗaya. Da aka rufe makarantu a 2020, ɗalibai wajen biliyan 1.6 suka koma gida, kowa ya koma ga abin da gidansu ke da shi, UNICEF kuma ta ƙiyasta cewa aƙalla miliyan 463 ba su da hanyar bin darasi ta intanet ko talabijin ko rediyo. Ko a Holan, ƙasa mai wadatar intanet da ta rufe makarantu na mako takwas kacal a zagayen farko, asarar da 'ya'yan marasa zurfin ilimi suka yi ta kai har kashi 60 cikin 100 sama da ta sauran yara. Yuganda ta yi kusan shekara biyu makarantunta a rufe. Idan akwai hujjar da ke nuna cewa makaranta, duk da aibobinta, tana rage bambanci, to ita ce abin da ya faru da aka janye ta.

Ko ɗan talakan da ya tsallake dukkan waɗannan shingaye ya fito da sakamako mai kyau bai gama ba. Caroline Hoxby da Christopher Avery sun gano cewa mafi yawan haziƙan ɗalibai 'ya'yan talakawa a Amurka ba sa ma neman shiga manyan jami'o'i, duk da cewa da sun nema za a ɗauke su, kuma tallafin da za a ba su zai sa karatun ya fi musu sauƙi fiye da ƙananan kwalejojin da suke zaɓa. Babu wanda ya taɓa zuwa can a cikin danginsu ko makarantarsu da zai gaya musu. Raj Chetty da abokan aikinsa kuma sun lissafa a 2017 cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 mafi arziki ya ninka ɗan gidan da ke cikin kashi 20 mafi talauci sau 77 wajen yiwuwar shiga jami'o'in da suka fi daraja a ƙasar. A Birtaniya, kimanin kashi 7 cikin 100 na jama'a ne suka yi makarantun kuɗi, amma a 2019 su ne kashi 65 na manyan alƙalai. Jarrabawa tana auna abin da yaro ya iya a ranar da aka yi ta, ba ta auna nisan da ya taho kafin ya iso, kuma idan aka kira sakamakonta cancanta zalla, an mai da gatan da aka gada ya zama halak ɗin mai shi.

A nan ne ya kamata a yi hattara da labarin da kowa ke son ji, na yaron da ya tashi a cikin babu ya zama likita ko farfesa. Irin waɗannan yara suna nan, kuma an ma ƙirga su: a jarrabawar PISA ta 2018, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, kimanin ɗaya cikin goma na ɗaliban da suka fito daga gidaje mafi rauni sun shiga sahun kashi ɗaya bisa huɗu mafi ƙwazo a ƙasashensu. Wannan ya tabbatar da cewa basira ba ta san gidan mai kuɗi ba. Amma idan aka ɗauki ɗayan nan aka mai da shi sandar dukan sauran taran, ana cewa ga wane ya yi, ku me ya hana ku, an juya hujjar a kan kanta. Ɗan mai hali ba ya buƙatar zama gwarzo kafin ya gama sakandare, matsakaicin ƙoƙari ya ishe shi, in ya faɗi a sake biya masa. Adalcin tsarin ilimi ana gane shi ne daga makomar matsakaicin ɗan talaka, wanda ba haziƙi ba ne kuma ba daƙiƙi ba.

Akwai wuraren da suka nuna cewa arzikin ƙasa ba shi ne ke yanke hukunci ba. Biyetnam ta ba duniya mamaki a PISA ta 2012 da ta wuce Amurka da Birtaniya a lissafi, ko da yake kaso mai yawa na 'yan shekara 15 na ƙasar sun riga sun bar makaranta, ba su cikin waɗanda aka gwada. Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na Sobral, wani gari mai mutum wajen 200,000 a jihar Ceará da ke arewa maso gabashin Burazil, ɗaya daga cikin jihohi mafi talauci a ƙasar. A farkon shekarun 2000 hukumomin garin, bayan sun gina azuzuwa sun cika su da yara, suka gwada ɗalibansu suka tarar kaso mai yawa ba sa iya karatu. Sai suka tattara ƙarfinsu a kan manufa ɗaya, wato kowane yaro ya iya karatu a shekarun farko na firamare. Suka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa suka koma zaɓensu da jarrabawa, suka haɗe ƙananan makarantu, suka ba malamai tsararrun darussa da horo duk wata, suka riƙa gwada kowane yaro da masu gwaji daga waje, yaron da bai zo ba kuma a nemi gidansu a ji dalili. A ma'aunin ingancin ilimi na ƙasar, Sobral ta tashi daga matsayi na 1,366 a 2005 zuwa na ɗaya a 2017, a cikin ƙananan hukumomi fiye da 5,500, ta wuce birane masu ninkin arzikinta. Masu suka suna cewa an cika horar da yara domin jarrabawa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma yaron da aka horar har ya iya karatu ya iya karatu.

Abin da jihar Ceará ta ƙara a 2007 shi ne ya taɓa tushen matsalar, wato siyasa. Iyayen da 'ya'yansu ke makarantun da suka lalace su ne mafi ƙarancin murya, masu murya kuma sun kwashe nasu sun kai makarantun kuɗi, don haka shugaban ƙaramar hukuma ba ya rasa komai idan 'yan aji biyu ba su iya karatu ba, alhali sabon gini ana ganinsa daga titi. Jihar ta ɗaure wani kaso na kuɗin harajin da take raba wa ƙananan hukumomi da sakamakon karatun yaransu, kuma kuɗi ne da shugaban zai iya kashewa a kowane fanni, ba ilimi kaɗai ba, saboda haka ko wanda bai damu da makaranta ba ya sami dalilin damuwa. An tsara lissafin ta yadda ci gaban da aka samu daga bara zuwa bana yana da nauyi, domin matalauciyar hukuma ma ta iya cin gasar, ana kuma rage maki gwargwadon yawan yaran da suka rage a matakin ƙasa da waɗanda ba su zauna jarrabawar ba, don kada wani ya ɗaga matsakaicin sakamakonsa ta hanyar barin raunanan ɗalibai a gida ranar gwaji. A 2020 Burazil ta gyara kundin tsarin mulkinta, ta wajabta wa dukkan jihohi su ɗaure wani kaso na wannan haraji da sakamakon koyo da kuma rage giɓin da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa.